Amsar Wasiƙunku: Linux, Kwamfuta Cikin Kwamfuta da Aikin Girgije

Wasiƙu uku na zaɓo yau, domin amsar kowacce tana ɗorawa a kan ta baya.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya. Yana cewa: "Malam, ina da tsohuwar laftof 'yar gwanjo mai RAM gig 8. An ce Windows 10 ta tashi aiki, Windows 11 kuma ta ƙi hawa. Linux za ta fisshe ni? Nawa ake saye?"

Ɗan'uwa, gaskiya aka gaya maka. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta dakatar da tallafin da ta saba yi wa Windows 10. Amma kada ka yar da laftof ɗinka, kuma Linux ko sisi ba za ka biya ba. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya bar rubutunta a buɗe, kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Wayarka ta Android ma a kanta aka gina ta. Ka fara da Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004. Nemi mai alamar LTS, kamar 24.04, don tana samun gyara na shekara 5. Girmanta ya kai kusan gig 6, saboda haka ka sauke da daddare lokacin da data ke araha. Ka ɗora ta kan filashi mai gig 8 da manhajar Rufus, ka tashi kwamfutar daga filashin, ka gwada sauti da Wi-Fi tukuna. Kafin ka girka kuwa, kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani wuri, domin zaɓin goge ma'ajiya ba ya barin komai.

Ta biyu daga wata Hajiya ce mai shagon buga takardu a Maraɗi. Ta ce tana sha'awar koyo, amma kwamfutar da take cin abinci da ita guda ce, tana tsoron ɓata ta.

Hajiya, tsoronki na kan hanya, kuma akwai mafita. Za ki iya ƙirƙirar kwamfuta ta biyu a cikin wadda kike da ita, ba tare da kin taɓa Windows ɗinki ba. Kamar gida ɗaya ne da aka yanka ɗakunan haya: kowa da ƙofarsa da makullinsa, amma wuta da ruwa daga mita ɗaya suke zuwa. Sauke VirtualBox, manhajar da ke wannan aiki, kyauta ce. Idan ta ƙi tashi, yawanci wani saiti ne a kashe cikin BIOS, ana ce masa VT-x a injin Intel, AMD-V ko SVM a na AMD. Ki sa mai gyara ya kunna miki. Kada ki ba kwamfutar cikin fiye da rabin RAM ɗinki, ki ware mata gig 25 zuwa 30 na ma'ajiya. Abin da na fi so ki riƙe shi ne ɗaukar hoton yanayinta kafin kowane gwaji. In abu ya lalace, dannawa ɗaya za ta mayar da ita yadda take.

Ta uku daga wani matashi a Kano da ya gama difloma: "Malam, aikin girgije nake so. Dole sai na biya Amazon da dala kafin in koya?"

A'a, ƙanena. Girgijen nan manyan ɗakuna ne cike da sabobi, wato manyan kwamfutoci, ana yanka kowace saba gida-gida ana ba da haya, daidai abin da na kwatanta wa Hajiya. Amazon ta fara wannan haya da EC2 a 2006. Fasahar KVM mai yin wannan yanka, wadda ta shiga cikin Linux a 2007, ita Google ke amfani da ita a nata girgijen, kuma tana nan cikin Ubuntu kyauta. In ka samu tsohuwar kwamfuta ta biyu, saka mata Proxmox VE, manhajar wani kamfanin Ostiriya da aka gina kan Debian, ka riƙa sarrafa ta daga burauza. Ka ƙirƙiri sabobi biyu na Ubuntu Server, ka koyi shiga ta SSH, ka buɗe asusun masu amfani da kalmar sirri mai ƙarfi, ka kunna katangar tsaro ta ufw, ka ɗora shafi da Nginx. Ka kuma kula da wuta, domin ɗaukewarta farat ɗaya na iya lalata ma'ajiya. Laftof mai batir mai kyau ko ƙaramar UPS za ta rufa maka asiri. Ranar da ka kama haya a wurin manyan kamfanonin, ka goge duk sabar da ka gama da ita, don ko a kashe take ana cajin kuɗin ma'ajiyarta.

Ina roƙon matasanmu, kada rashin dala ya hana ku wannan sana'a. Kayan koyonta na hannunku. Ku gwada, duk inda kuka maƙale ku rubuto saƙon kuskuren yadda ya fito a allo, harafi da harafi, mu warware shi tare a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.