Shaidar Kalma Huɗu Ba Ta Tsare Kuɗin Kowa

Sau huɗu ke nan cikin wata guda ana kawo mini ƙorafi iri ɗaya, duk daga 'yan kasuwarmu na Bawku masu ciniki ta waya. Ta ƙarshe wata Hajiya ce mai sarin atamfa da turare daga Sankasi. Ta miƙo mini wayarta rai a ɓace, gilashin ya tsage ta gefe, ta ce, "Malam, dubi wannan wulakanci. Na sayi kaya, na rubuta 'Allah ya saka masa', shugaban zaurenmu na ciniki ya goge, wai sai na cika kalma 20. Jarrabawa muke yi?" Na ce, "Hajiya, addu'arki ta yi kyau, Allah ya karɓa. Amma wadda za ta tura wa mai kayan nan kuɗinta gobe, me ta ƙaru da shi?"

Tun da rikici da dokar hana fita suka rage wa mutane zirga-zirga, ciniki mai yawa ya koma zaurukan WhatsApp da Facebook. A ga hoto, a tura kuɗi ta MoMo, a jira mota. Mai saye a Kumasi bai taɓa ganin fuskar mai albasa a Bawku ba. Abin da ya rage masa kawai shi ne bakin waɗanda suka riga shi saye. Dalilin dokar kalma 20 ke nan, ba sai na ja ba.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne maganar da ake yaɗawa, wai faɗin aibin kaya ko na mai kaya giba ce, don haka gara mutum ya yi addu'a ya wuce. Wa ya koya mana haka? Imam Nawawi, a cikin Riyadus Salihin, ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, kuma daga ciki akwai gargaɗin Musulmi da ba da shawara ga wanda zai yi mu'amala da wani. Duk wanda ya zauna gaban malami a zango ya ji wannan babin. Wanda aka aiko wa buhu da ruɓaɓɓiyar albasa a ƙasa, mai kyau a sama, ya rubuta "masha Allah" don kunya, bai rufa wa kowa asiri ba. Ya dai buɗe wa mai ha'inci ƙofa ya cuci na bayansa. Kuma kunyar nan ta gefe ɗaya ce, domin mutumin da ya yi shiru a zaure shi ne zai zauna a rumfa ya ba mutum biyar labarin da baki, inda mai kayan ba ya nan balle ya kare kansa. Wannan ta fi kusa da gibar da ake gudu.

Kakanninmu ba haka suka yi kasuwanci ba. Lokacin da ayarin Kano da Katsina ke shafe watanni a hanyar Gwanja don sayo goro a Salaga, baƙon falke a gidan maigida yake sauka. Maigida ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa idan bashi ya shiga. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna cewa cinikin shanu a kan bashi ya tsayu ne a kan sanin da masu gida da dillalansu suka yi wa kowane mahauci, wa ke biya, wa ke jinkiri. Har yau ka je kara ka tambayi tsohon dillali game da wani, ba zai ce "mutumin kirki ne" ya yi shiru ba. Zai gaya maka shanu nawa ya ɗauka bara, yaushe ya biya, da abin da ya faru ranar da ɗaya ta faɗi a hanya.

Manyan kasuwannin intanet ma sun sha wannan matsala. Kamfanin eBay na Amurka ya fara karɓar shaidar masu ciniki a 1996, sai aka wayi gari kusan duk abin da ake rubutawa yabo ne, saboda mai saye na tsoron mai sayarwa ya rama. A 2008 dole kamfanin ya hana masu sayarwa ba masu saye mummunar shaida. Amazon kuma ya taɓa sharɗanta kalma 20 ga mai rubuta sharhi kan kaya. Don haka shugaban zauren Hajiya ba shi ya ƙago ba.

To amma ga gargaɗin da nake so ya zauna muku. Tsawon shaida ba ya nuna gaskiyarta. Ɗan damfara ya fi kowa iya cika kalma 20, yana iya cika 200. Layi uku yake da su a aljihu, shi ne mai kaya, shi ne mai yabo, shi ne mai cewa "wallahi nima na gwada shi". Na ga zauren da shaidu biyar suka shigo dare ɗaya, duk da kuskuren rubutu iri ɗaya a kalma ɗaya, babu wanda ya ambaci tasha ko rana. Ku lura da wannan. Shaidar ƙarya cike take da siffa: amintacce, mai tsoron Allah, ba ya cin amana. Ta gaskiya cike take da abin da za a iya bincikawa. Hoton saƙon MoMo da ake liƙawa a ƙarƙashi shi ma ba hujja ba ne, yaro mai waya zai haɗa irinsa kafin shayi ya huce. Cinikin shaidar ƙarya ya kai matsayin da a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa dokar tara a kan saye da sayar da ita. Kada dogon yabo ya sa ku tura kuɗi gaba ɗaya ga wanda ba ku sani ba. Ku nemi lambar ɗaya daga masu shaidar, ku kira, ku ji muryarsa, ku tambaye shi direban da ya kawo masa kayan.

Abin da za a rubuta ba wuya. Me ka saya, yaushe, ina aka sauke, a wane hali, kuma me mai kaya ya yi da aka sami matsala. Misali: "Na sayi albasa buhu 10 ranar Litinin, na biya rabi ta MoMo, mota ta sauke a Kumasi ranar Alhamis. Buhu ɗaya ya fara ruɓa, na kira shi, ya cire mini kuɗinsa." Ta wuce kalma 20 ba tare da an ja ta ba, kuma ta fi amfanar mai albasar da kansa, tunda ta nuna yana gyara kuskure. Sannan ka ƙara addu'arka a ƙarshe.

Ku kuma shugabannin zaure, laifinku ba kaɗan ba ne. Ƙirga kalma aikin lalaci ne. Mutum ya maimaita "na gode" sau goma ku bari, dattijuwa ta faɗi gaskiya a jimla ɗaya ku goge. Mafi yawan iyayenmu mata da dillalanmu da murya suke aika saƙo, wasu da ajami suke rubutu, wasu Kusasanci ko Mosanci ya fi musu sauƙi. Ku karɓi saƙon murya, ku liƙa tambayoyin nan biyar a saman zaure, wanda ya amsa su ya cika sharaɗi ko da kalma 12 ce. Ku daina goge ƙorafi don mai kayan abokinku ne ko yana ba ku na katin waya. A bar ƙorafin, a ba shi dama ya amsa a gaban kowa.

Wanda aka riga aka damfara kuma ya kira kamfanin wayarsa nan take, kada ya bari sai gobe, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda, ya kuma kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana. Kada ya goge saƙo ko ɗaya. Bayan haka ya koma zauren ya rubuta abin da ya faru, da rana da adadin kuɗi, ban da zagi.