Fasto, kafin ka sayi sabuwar lasifika

Ƙanena, na san abin da ke damunka. Ranar Lahadi fuskokin da ka saba gani ne a gaba, bencinan baya kuma fayau. Samarin da aka yi wa baftisma bara, wasu sun tafi Abuja neman aiki, wasu suna nan Kafanchan amma sun sauya majami'a, wasu kuwa sun daina zuwa ko'ina. Kwamiti ya zauna, an ce a sayi lasifika da sabbin ganguna. Sayen kaya ba laifi ba ne, amma ciwon yana wani wuri: aikin ikilisiya ya taru a hannun mutum uku ko huɗu, kuma duk a cikin gini yake ƙarewa. Ga abin da za ka fara gobe da safe.

1. Buɗe rajista. Kira magatakarda, ku fitar da sunayen waɗanda suka ɗauke ƙafa cikin shekarar nan. Kada ka tura musu saƙon WhatsApp, je ka da ƙafarka. Ka gaisa, ka tambayi abin da ya hana su zuwa, ka yi shiru. Wani zai ce da mahaifinsa ya rasu ba wanda ya leƙo. Wata za ta ce an sa ta a horo, aka manta da ita a bencin baya. Kada ka kare kanka, kada ka yi wa'azi. Rubuta abin da ka ji in ka koma gida.

2. Saki wasu ayyukan. Jera duk abin da kake yi a mako: wa'azi, ajin baftisma, ziyarar asibiti, sanarwa, sasanta ma'aurata, sa ido kan gini. Zaɓi uku ka ba wasu, da ikon yanke shawara da kuɗin aikin. Ba wa saurayi share majami'a da jera kujeru ba shi ne ba shi shugabanci ba.

In dattawa suka ce yara ne, tuna musu tarihinmu. Byang Kato, ɗan Kwoi, an haife shi a 1936, ya zama babban sakataren ECWA a 1967, bai wuce shekara 31 ba. A 1973 kuma aka ba shi jagorancin ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. Ita ma ECWA ɗin ta kafu ne a 1954, lokacin da majami'un da mishan na SIM suka dasa suka fara riƙe kansu. Abin yana yi mini ciwo in ga jikokin waɗannan mutane suna jin tsoron ba wa ɗan shekara 30 makullin ofis. Zai yi kuskure, tabbas. Ka gyara masa a ɗaki, ka bar shi a kan aikin.

3. Zauna da Zumuntar Mata tun kafin a tsara kasafin kuɗi. Su suka san wadda ta haihu, gidan da aka kwana da yunwa, da baƙuwar da ta tare a unguwa. In tsarin ɗarikarku bai ba su kujera a cikin dattawa ba, bai hana ka neman shawararsu ba.

4. Fita waje. Wannan ma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya samo asali ne daga tunanin Gerald Swank, malami a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, a farkon shekarun 1960. Dabarar mai sauƙi ce: ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, a koya wa kowane mai bi yadda zai yi shaida, a fita gida-gida. Manomi da mai sayar da ƙosai ne suka ɗauki aikin.

To, su wa ke kusa da kai yau? Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen jami'ar jihar a Kafanchan, waɗanda ba su da kowa a gari. 'Yan acaba da safiyar Lahadi ce lokacin samunsu. Iyalan da hare-hare suka koro daga ƙauyukansu, suna raɓe a gidajen 'yan'uwa, kunyar sutura ta hana su shigowa. Zaɓi rukuni ɗaya kawai. Nemi gida ɗaya a unguwarsu, da yamma ɗaya a mako, awa ɗaya. Wanda zai jagoranta kada ya zama kai.

5. Duba harshen sujada. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, kuma Hausa ce ta haɗa Bajju da Atyap da Ham da Agworok a benci ɗaya. Amma yaran yau da yawa Turanci ya fi shigarsu, wasu tsofaffi kuma yarensu. Akwai Sabon Alkawari da Jju da Tyap, sa wani ya karanta nassi da shi. Bar waƙa ɗaya da yare, ka taƙaita wa'azinka da Turanci cikin minti uku. Ka kuma rage sanarwa. Abin da za a iya turawa ta waya, a tura.

6. Kiyaye maƙwabta. Kafanchan ta ɗanɗana rikicin 1987 da na 2011, ba ta bukatar wa'azin habaici. Rage ƙarar lasifika a addu'ar dare. In an yi rasuwa a gidan maƙwabcinka Musulmi, je ka ta'aziyya da dattawanka. Baƙon da ya shigo yana lura da yadda kuke maganar waɗanda ba naku ba.

7. Bayyana kuɗi, ka rage karɓa. Cutar da ta cinye gonakin citta a 2023 ta karya gidaje da yawa a Kachia da Jaba da Kagarko. Mutumin da ya san za a zagaya da faranti sau huɗu zai gwammace ya zauna a gida da ya ji kunya. Baiko ɗaya ya isa. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata, a manna takardar a bango.

8. Kada ka ba dattawa mamaki a taro. Bi su gida ɗaya bayan ɗaya, fara da wanda kake ganin zai fi ƙi. Ce masa, "Baba, ga abin da waɗanda suka bar mu suka faɗa, me kake gani?" Nemi izinin gwaji na wata uku a kan abu ɗaya ko biyu, kada ka kwaso takwas ɗin gaba ɗaya. Ku sa ranar dubawa a kalanda, magatakarda ya zo da rajista, ku ƙirga sababbin sunaye da na waɗanda suka dawo. Abin da bai yi aiki ba ku ajiye shi, ku gwada na gaba.