Darasi: ɗaukar hoton kaska da gyambo don aika wa likitan bisashe

Ɗan uwa makiyayi, idan damana ta zauna kaska na yawaita a jikin shanu, kuma ba kullum ba ne likita ke iya zuwa rugga ranar da aka kira shi. Yanzu da yawanku na aika hoto ta salula. Wannan dabara ce mai kyau, amma galibin hotunan da ke isowa sarwis ba su da amfani: ana ganin saniya, ana ganin kara da ƙasa, abin da ake son gani kuwa ya zama ɗan baƙin ɗigo. Likita ba ya iya faɗin komi a kan ɗigo.

Me likita ke nema a hoton?

Kaska ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda namijinta ke da zane mai launi a baya, ja-ja da ruwan ɗorawa. Sunanta na likita Amblyomma, ita ce ke tafiya tare da kirci, kuma tana ɗauke da cutar da ke tara ruwa kewayen zuciyar tumaki da awaki. Akwai Hyalomma, mai zobe-zobe masu haske a ƙafafu, wadda ta fi jure fari, kuma tana iya sa wa mutum zazzaɓi mai zubar da jini. Bambancin duka yana ga zanen baya, da ƙafafu, da tsawon baki. In hotonka bai nuna waɗannan ba, ka ɓata kuɗinka.

Saboda haka kada ka zaɓi ƙatuwar macen da ta sha jini ta kumbura ita kaɗai. Ta fi saurin kama ido, amma ta fi wuyar ganewa. Nemo ƙanana masu faɗin baya a ƙarƙashin wutsiya, da hantsa, da hammata, ka ɗauke su ta baya, ka birkice ka ɗauke ta ciki.

Yadda hoto ke fita tas

Fara goge idon salula da kyalle mai tsabta. Ƙurar aljihu kaɗai ta isa ta ɓata hoto.

Aza kaskar bisa farar takarda, ka aje dala ashirin kusa da ita. Faɗin kuɗin milimita 26 ne, da shi likita zai auna girman abin. In gyambo ne a jikin bisa, wani ya riƙe kuɗin kusa da wurin ba tare da ya taɓa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne matsowa ƙwarai. Yawancin salula ba su gani sosai in abu ya kai ƙasa da santimita 8 zuwa 10 daga idonsu, wato kamar faɗin tafin hannu. Tsaya nan, taɓa allo daidai kan kaskar, jira har ta fito sarai, sannan ka danna. Kada ka ja hoton da yatsa biyu don ƙara girma kafin ɗauka. A salula masu araha wannan ba ya ƙara komi sai dishi-dishi.

Haske kuma, inuwar bakin rumfa da hantsi ta fi. Ranar tsaka na sa bayan kaska ƙyalli har zanen ya ɓace, fitilar salula ma haka take yi a kusa. Dafa gwiwar hannu bisa turmi ko gwiwarka, ka riƙe numfashi. Ɗauki biyar, zaɓi ɗaya. Ba fim ba ne da za a ce ya ƙare.

Ga gyambo, hoto 3 ake so: bisar gaba ɗayanta, sashen jikin da ke da ciwon, sannan na kusa.

Yanke tukuna, sannan ka aika

Nan ne aikin yake. Hoto ƙananan ɗigo ne jere, ana ce musu fiksel. Salula ta yau da kullum na fitar da hoto mai ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, nauyinsa mega 3 ko fiye. Inda rezo ba shi da ƙarfi, irin wannan na iya kwana bai tafi ba. Shi ya sa WhatsApp ke rage shi da kansa zuwa wajen ɗigo 1600 a tsawo.

To duba lissafin. Kaskar da ta ci ɗigo 200 cikin 4000, in an rage hoton duka, saura 80. Zoben ƙafa ya tafi kenan. Amma in ka buɗe hoton, ka yanke gefe-gefe ka bar kaska da kuɗin kaɗai cikin ɗigo 1000, babu abin ragewa: tana nan da 200 ɗinta, hoton kuma ya yi sauƙi, ya wuce ko da rezo kaɗan. Kada ka share na asali. In likita ya nemi cikakken, ana aika shi a matsayin takarda, a nan ba a rage shi, sai dai ya fi cin kuɗi.

Haɗa da saƙon murya: wace bisa, shekarunta, kwana nawa da farawa, nawa suka kamu cikin garke, wace rijiya ko tabki suke sha.

Kiyaye kanka

Kada ka murtsuke kaska da farce. Sa leda a hannu, bayan hoto ka jefa ta cikin ƴar kwalba mai alkol 70, ka wanke hannu da kuɗin da sabulu. Kwalbar ce za a iya kai wa LABOCEL a Yamai in an bukaci bincike, don akwai cututtukan da sai a jini ake ganin su.

A 2016 zazzaɓin Rift ya kashe mutane a yankin Cintabaraden da Tasara, jihar Tawa, mafi yawansu makiyaya masu taɓa jini da ɓarin bisashe. In tunkiya ta yi ɓari, ɗauki hoton daga inda kake tsaye. Bisar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta don neman hoton saifa. A hana karnuka da yara zuwa wurin, a kira likita nan take.