Ƙwayoyin Hanji, Damuwa da Ciwon Sukari Nau'i na Ɗaya

Jama'a da dama sun ɗauka shan zaƙi ne ke jawo kowane irin ciwon sukari. Nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, ba haka yake ba. Garkuwar jiki ce take juyawa ta hallaka ƙwayoyin beta da ke cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi. Su ne masu samar da insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka da sauran sassa. Gado yana da hannu, amma yawancin masu ɗauke da gadon ba sa kamuwa. To, mene ne ke tunzura garkuwar?

Sai mu leƙa hanji. Dubban miliyoyin bakteriya ne ke zaune a cikinsa, kuma a wurinsu garkuwar jariri take koyon rarrabe aboki da abokin gaba. Ƙasar Finlan tana maƙwabtaka da yankin Kareliya na Rasha, gadon jama'arsu kuma ya yi kama, amma yaran Finlan sun fi kamuwa da kusan ninki 6. Wani bincike na 2016 ya gano cewa hanjin jariran Finlan cike yake da bakteriya jinsin Bacteroides, waɗanda ba sa motsa garkuwa sosai, wato ba sa horar da ita. Na Rasha kuwa sun fi samun horo daga irin su E. coli. A ganina, wannan ita ce hujja mafi jan hankali a fagen. Haka kuma, wasu bakteriya sukan sarrafa ɓangaren wake da ganyaye da cikinmu ba ya narkarwa, su fitar da sinadarin butiret mai ƙarfafa bangon hanji.

Damuwa fa? Idan hankali ya tashi, jiki yakan saki kotisol da adirenalin, su kuwa su sa hanta ta zuba sukari cikin jini, ƙwayoyin beta su ƙara wahala. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna damuwa mai tsawo tana sassauta bangon hanji, ta kuma sauya bakteriyar da ke ciki. A Suwidin, an bi iyalai fiye da 10,000, aka bayyana a 2015 cewa yaran da suka fuskanci babban tashin hankali, kamar mutuwa ko rabuwar iyaye, haɗarinsu ya kai kusan ninki 3. Sai dai ɗalibi ya lura: yara 58 ne kacal suka kamu, kuma haɗuwar abu biyu ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan.

Ga wanda ya riga ya kamu, babu abincin da zai maye gurbin allurar insulin, wanda Banting da Best suka tace a Toronto a 1921. Malamin da ya ga yaro yana yawan neman izinin fitsari, yana fama da ƙishirwa, yana ramewa, ya sanar da iyaye a gwada jininsa a ranar.