Shiga kwamfutar Baba daga nesa

Tambaya

Ina aiki a Abuja, mahaifina kuma yana Gusau. Tsohon malamin makaranta ne, yana rubuta tarihin gidanmu a kwamfutar da na saya masa. Duk sanda ta rikice masa sai ya kira ni, ya buɗe AnyDesk, ya karanto mini lamba, sannan ya danna maɓallin amincewa. Idonsa ya yi rauni, wani lokaci mukan share rabin awa a waya ana laluben maɓallin. Akwai yadda zan riƙa shiga kai tsaye?

Ɗan Malam, Abuja

Amsa

Akwai hanya, kuma manhajar da ke hannu ta wadatar. AnyDesk, wadda wani kamfanin Jamus ya fitar a 2014, tana da tsarin shiga ba tare da an tsaya jiran amincewa ba. Sharaɗin farko shi ne a girka ta a kwamfutar sosai, domin idan buɗe fayil ɗinta kawai ake yi, ba za ta tashi da kanta ba in an kunna na'urar. Daga nan a shiga saituna, a sa kalmar sirri a sashen tsaro. Mai shiga daga nesa zai rubuta lambar kwamfutar da wannan kalma, allon ya bayyana a gabansa. TeamViewer ma haka take aiki. Chrome Remote Desktop na Google kuwa asusun Google yake bi, da lambar sirri mai aƙalla alƙaluma shida. Tsarin shiga daga nesa na cikin Windows bai dace a nan ba: bugun Home ba ya karɓar mai shigowa, a bugun Pro kuma allon mai kwamfutar rufewa yake yi, ba ya ganin abin da ake taɓa masa.

Abin da ya fi ba da wahala ba manhajar ba ce, wuta ce da intanet. Kwamfutar da ke kashe ko ta yi barci ba ta amsawa, don haka a gyara saitunan lantarki ta daina barci in tana jone da caja, a kuma hana ta barci in an rufe murfinta. Idan da wayar Baba take samun intanet, to ranar da ya tafi masallaci da wayar a aljihu, hanya ta yanke. Ƙaramar na'urar intanet ta gida ta fi.

Kalmar sirrin tamkar makullin ɗaki ce. Wanda ya same ta zai ga duk abin da ke allon, ya kwashi fayiloli, ya buɗe imel, har shafin banki idan burauza ta adana bayanan shiga. Ta kasance doguwa, ba sunan jika ko shekarar haihuwa ba, kada kuma a manna ta a takarda jikin kwamfutar da jikoki ke kallon fim a kanta. AnyDesk tana ba da damar rubuta lambobin na'urorin da aka yarda su shigo, ta ƙi sauran. A sa lambar kwamfutar Abuja kaɗai. 'Yan damfara sun daɗe suna amfani da irin waɗannan manhajoji, su kira tsoho da sunan banki su ce ya karanto lamba. A gaya wa Baba cewa daga yanzu babu wanda zai karanto wa lamba.

Duk wannan sai da saninsa da yardarsa. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma sa irin wannan a asirce a na'urar mata, miji ko ma'aikaci leƙen asiri ne. Zai kyautu a zauna da shi a saita tare, a kira shi kafin kowace shiga, a kuma nuna masa inda ake cire kalmar sirrin idan ya so rufe ƙofar.