Ciwon Gado Ne, Amma Ba Zura Masa Ido Ake Yi Ba

A arewacin ƙasar Jodan, cikin lardin Irbid, akwai wani ƙauye da ake kira Kufr Rakib, wanda ba don gida ɗaya ba da babu likitan da zai san sunansa. A shekarar 1994 likita Najim al-Din da abokan aikinsa suka fitar da rahoto kan 'ya'ya biyar na wannan gida, uwa ɗaya uba ɗaya, iyayen kuwa auren zumunci suka yi. Yaran sun taso suna yawo da ƙafafunsu kamar kowa. Sai da suka kai bakin balaga, daga shekara 12 zuwa sama, abin ya fara ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Fuska ta daskare, ba fara'a ba ɗaure fuska. Jiki ya yi nauyi, har ɗaga hannu zuwa baki ya zama aiki. Ƙafafu suka sandare, ido ya daina iya kallon sama, tunani ya fara ja baya. Cikin shekara ɗaya zuwa biyu yaron da ke zuwa aike ya koma kwance sai an juya shi. Ku dubi halin uwar da ta ga wannan a ɗanta na fari, sannan ta zauna tana ƙirga shekarun ƙannensa. Likitocin ba su san ƙwayar gadon da ta jawo ciwon ba, don a lokacin ba wanda ya sani. Abin da suka yi shi ne suka duba yaran da kyau, suka ga rabin alamomin irin na cutar Parkinson ne, suka ba su levodopa, maganin da tun wajen 1970 ake ba tsofaffi. Nauyin jikin ya saki, motsi ya dawo sosai.

Labarin bai ƙare da daɗi ba, kuma ba zan ɓoye ba. Da aka sake duba su aka wallafa a 2005, maganin yana aiki har lokacin, sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke taimako da wanda ke cutarwa ta ƙuntata. Jiki kan yi ta murɗe-murɗe in ƙarfin ƙwayar ya kai ƙololuwa, akwai gane-gane, ido kan kafe sama, ga ƙananan fizge-fizge a fuska da yatsu, sandarewar ƙafafu da raunin tunani kuma sun ƙaru. A 2006 aka gano ƙwayar gadon, ATP13A2, ta hanyar wannan gida da wani gida a ƙasar Chile. Yanzu an san aikinta yana cikin ɓangaren da ke share dattin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, in ta lalace shara ta taru, ƙwayoyin su mutu. Ciwon ya ɗauki sunan ƙauyen, Kufor-Rakeb. Yana da 'yan uwa: tun 1954 wani likita mai suna Davison ya bayyana matasa masu wannan haɗin alamomi, a 2008 aka gano ƙwayar FBXO7 a wani dangi a Iran, akwai kuma nau'in da ke bin ɗiya maza ta wajen uwa. Sunayen ba su dami mai jinya ba. Abin da ya dame shi shi ne, sama da shekara 30 da suka wuce, ba tare da gwajin ƙwayar gado ba, an tashi yara daga kwance da hannu da ido da ƙwaya ɗaya.

To shi ne abin da ke ɓata mini rai in na dubi hanyar da irin wannan yaro yake bi a wajenmu kafin ya iso gaban likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Da farko a ce lalaci ne, a yi ta faɗa, wani lokaci har da bulala, don ya daina saurin rubutu a aji. In fuska ta daskare, maƙwabta su ce ya fara shaye-shaye. In ƙafa ta fara ja, a ce shan inna ne, alhali shan inna saki yake sa ƙafa ta yi, ta rame ta yi laƙwas, wannan kuwa ƙagewa take. In ƙanensa ya kamu, shi ke nan magana ta ƙare, sammu ne, an yi wa gidan asiri, a kama zargin kishiya ko wani baffa. Ana nan ana hayaƙi da tsaga da ƙaho, shekara biyu ta wuce, jijiyar dunduniya ta gajarce, gwiwa ta naɗe ba ta miƙuwa. Mafi muni shi ne mai kemis. Yaro ya fara gane-gane ko ya daina magana, sai a kai shi shago, wanda bai taɓa riƙe gudumar gwada jijiya ba ya ce taɓin hankali ne, ya haɗa masa Largactil ko haloperidol. Waɗannan magunguna toshe hanyar dopamine suke yi, shi kuwa yaron ƙarancin dopamine ne ciwonsa. An ga gida na ci, an kawo fetur. Ko metoclopramide da ake miƙa wa mutane don amai kamar alawa, ɓarnar ɗaya ce. Ina da hujjar cewa wani yaron ma ba shi da ciwon gado ko kaɗan, maganin shago ne ya sandarar da shi, don duk littafin koyon aikinmu ya san da wannan.

Bambance abin ba ya buƙatar na'ura. Kama hannun yaron ka lanƙwasa gwiwar hannu a hankali, za ka ji turjiya iri ɗaya daga farko har ƙarshe, wani lokaci tana kakkatsewa kamar haƙoran giyar keke. Koma ƙafa ka lanƙwasa da sauri, sai ta cije da farko sannan ta saki gaba ɗaya, kamar wuƙar da ake naɗewa. Ja makulli a tafin ƙafa daga dunduniya, babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe. Tura tafin sama da ƙarfi, ƙafar ta kama bugawa ita kaɗai. Ce masa ya kalli rufin ɗaki, sai ya ɗaga kai duka don idon ya ƙi hawa. Turjiya iri biyu a jikin matashi ɗaya, wannan shi ne zancen. Kada kuma a tsaya jiran karkarwa, domin da yawa daga cikin yaran nan ba sa karkarwar da mutane suka sani a hannun tsoho, shi ya sa ko ma'aikacin lafiya sai ya ce ai ba Parkinson ba ne tunda hannu ba ya rawa.

Na san abin da za a ce. Za a ce ciwon da waɗanda aka tabbatar suna da shi a duk duniya ba su kai ɗari ba, me ya kawo shi cikin maganar mutanen da zazzaɓin cizon sauro ke kashe wa 'ya'ya? Ƙorafin yana da ƙarfi, amma ya tsallake abu biyu. Ƙidayar ta waɗanda aka gwada ce, kuma inda ba a gwaji ba a samun kowa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ƙofar da wannan yaro zai shiga ita ce ƙofar wasu cututtuka masu kama da shi da ke da magani na gaske. Cutar Wilson, inda tagulla ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa, gado ce ita ma, a wannan shekaru take bayyana, likitan ido na iya ganin zobenta a gefen baƙin ido, kuma penicillamine ko zinc na tsayar da ita. In ba a gano ta ba kashewa take yi. Akwai ciwon Segawa, inda yaro ke tashi da safe garau, kafin la'asar ƙafa ta murɗe, ɗan ƙaramin adadin levodopa ya mai da shi cikakken mutum har tsufa, amma sau nawa ake yi masa tambarin shanyewar haihuwa a ajiye shi a ɗaki? Ga ƙarancin bitamin B12, ga ƙari ko tarin fuka da ya danne laka. Ba na cewa kowane yaro mai jan ƙafa yana da Kufor-Rakeb. Cewa nake yi wanda ya ƙi neman abin da ba a cika gani ba, zai rasa waɗannan ma a hanya.

Za a kuma ce gwajin ƙwayar gado sai an tura jini waje, kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, hoton MRI ma ba kowa ke iya biya ba. Gaskiya ne. Amma likitocin Jodan shekara 12 suka riga gwajin. Tarihin gida kyauta ne: su wa suka haifi yaron, mene ne tsakaninsu, wa ya taɓa irin wannan a dangi, wa ya rasu yana matashi a kwance. A nan ne iyaye ke ba mu wahala. A tambayi uba ko akwai mai irin ciwon, ya ce babu, sai an yi wata uku a ji akwai yayar yaron a ƙuryar ɗaki shekara biyar ba ta fita, an ɓoye ta don kada a ƙi auren ƙannenta. Alhaji, ba tona asirin gidanka muke nema ba, wannan amsar ita ce rabin gwajin.

Sai magana mai zafi, auren zumunci. Ba zan ce haramun ba ne, ba hurumina ba ne, kuma addini bai hana ba. Ba zan ce kowane irin wannan aure yana haifar da nakasa ba, don mafi yawansu lafiyayyun 'ya'ya suke haifa, gidan Chile ma iyayen ba dangin juna ba ne. Lissafin dai ba ya jin kunyar kowa. Ɗan wa da 'yar ƙane sun haɗa kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu. Haɗarin haihuwar yaro mai matsalar gado, wanda ga sauran mutane yake wajen 3 cikin 100, a wajensu yana kusan ninkawa. Wannan ga dangin da ba a san komai a cikinsa ba ke nan. In ciwon ya riga ya bayyana a gida, lissafin sikila ne sak: uba na ɗauke da ita, uwa na ɗauke da ita, dukansu lafiya lau, kowane ciki kuma ɗaya cikin huɗu ne, ba ruwan ciki na biyar da abin da na huɗu ya haifa. Lafiyayyen ɗan uwan mara lafiya, biyu cikin uku yana ɗauke da ita. Mun yarda da gwajin jini kafin ɗaurin aure saboda sikila, ban ga dalilin da zai sa gidan da ya kwantar da matasa biyu ya sake haɗa 'ya'yansa a cikin dangi ba tare da ya zauna da likita ba. Kuma a daina ɗora wa uwa laifi, rabi daga uban ne.

Ga shi a gajarce. Matashi ya yi nauyin jiki ƙafa ta ƙage, asibitin koyarwa za a kai shi, ba shago ba. Kada a ba shi maganin taɓin hankali sai likitan jijiya ya gan shi. A zo da 'yan uwansa. A faɗi gaskiya.

Wanda kuma Allah ya sa aka ɗora shi a kan levodopa, aiki bai ƙare ba. Ba a yanke shi rana ɗaya don kuɗi sun ƙare ko don wani mai magani ya ce a ajiye na asibiti tukuna, yankewar na iya kawo zazzaɓi mai zafi da sandarewar da ke kai mutum lahira. Baclofen da ake bayarwa don ƙagewar ƙafa shi ma haka, tsayar da shi kwatsam na jawo farfaɗiya. Ba a ƙara adadi don an ga ya yi daɗi jiya. A sha shi kamar rabin awa kafin abinci, don nama da wake da nono suna rage shigarsa jiki. Masu tallan garin ƙarara suna cewa levodopa ce ta gargajiya, e, akwai sinadarin a cikin 'ya'yanta, amma wa ya auna abin da ke cikin cokalin? Exol kuwa, wanda matasa suka mai da abin maye, yaron da tunaninsa ke ja baya ruɗewa zai ƙara masa. Na sake faɗa, Largactil da haloperidol ba nasa ba ne, ko da gane-gane ya fara, akwai wasu magungunan da likita zai zaɓa. Ita kuwa ƙafa, ƙwaya ba ta isar mata. Sai likitan gashin ƙashi ya koya wa mutanen gida miƙa gwiwa da dunduniya safe da yamma, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu in ya kwanta don gudun gyambo, a zaunar da shi tsaye kafin a ba shi abinci. In ya fara shaƙewa da ruwa, a kaurara kunun, a faɗa wa likita a zuwa na gaba ba sai tari da zazzaɓi sun kama ƙirji ba.