In ka sauya wa babur numfashi, ka sauya masa cima

Ni bakaniken babura ne, rumfata tana Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta rabu da ta Zariya. Na haura shekara 20 a wannan sana'a. Yawancin baburan da ke zuwa hannuna na ƙauyukan Kiru da Bebeji ne, sai na Tudun Wada da Doguwa idan an fito kasuwa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani wani fistin ne da ke kan bencina yanzu haka. Samansa ya ɓule, ramin har ɗan yatsa yana shiga.

Mai shi matashi ne daga wajen Burji, Boxer ɗinsa ko shekara bai cika ba. Da ya sayar da masara bayan kaka, sai ya sa aka yanke masa salansa aka zare kayan cikinta don ta riƙa ƙara. Aka cire soson iyakilina, wai inji ya sha iska ya sake. Da ya ga mai yana tafiya, sai ya koma aka tsuke masa kafireta. Rannan ya ɗora buhu 2, ya kama hawan wajen Riruwai da rana tsaka. A bayan mota aka kawo mini babur ɗin.

Ya ce, "Oga, wallahi har ranar gudu yake kamar me, ga shi ba ya shan mai."

Na ce, "Ƙanena, ai rashin shan man ne ya kashe shi."

Ban ga laifinsa ba, domin babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani. Inji ba fetur zalla yake ƙonawa ba, gauraye yake ƙonawa na fetur da iska, kuma iskar ce mai yawa. A ma'aunin nauyi, kilo 1 na fetur yana buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone tas. Idan inji yana jan kaya ko yana hawa, ya fi son man ya ɗan fi haka, wato iska kashi 12 da rabi zuwa 13 a kan kashi 1 na mai. Wannan ɗan rarar ba asara ba ce. Ita ce ke sanyaya kan fistin da bawul daga ciki. Baburanmu, Boxer ne ko Jincheng ko Haojue ko roba-roba, ba su da lagireto. Iskar hanya da baƙin mai da wannan rarar fetur su ne kaɗai ke tsare su daga zafi. Wanda ya ɗora kaya yana hawa a giya ta biyu ya riga ya rage iskar hanya, domin tafiyarsa a hankali take alhali totur a buɗe yake. In ya haɗa da hana inji mai, me ya rage?

Kamfanin da ya ƙera babur ya auna kafiretarsa ne daidai da soson da ya sa da kuma salansar da ya sa. Su ukun tare suke aiki. Soson nan yana ɗan riƙe iska, riƙewar ce kuma take taimaka wa kafireta ta zuƙo mai daga kofinta. Ka cire shi, iska ta shigo a sake, zuƙar mai ta ragu. Ka buɗe salansa, hayaƙi ya fita da sauri, inji ya ƙara jan iska. Kafireta ba ta da ido, ba ta san an yi wani sauyi ba. Ramukanta na jiya su ne na yau. Shi ya sa duk wanda ya taɓa hancin inji ko bayansa, dole ne ya koma kan kafireta, kuma sau da yawa ƙarin mai take nema, ba ragi ba.

Game da soso kuwa, ra'ayina ɗaya ne kuma ba na sassautawa: a ƙasarmu ba a cire shi. Wanda ya bi hanyar burji daga Kiru zuwa ƙauyuka da rani, ko ya shiga gefen dajin Falgore lokacin hunturu, ya san ƙurar da yake shaƙa. Ƙurar nan in ta shiga silinda ta gamu da baƙin mai, yashin goge ƙarfe take zama. Tana cin ringi, tana cin jikin silinda, cikin 'yan watanni babur ya fara hayaƙi. Babu wani gyaran kafireta da ke maganin wannan.

Yanzu ga inda mu makanikai muke da namu laifin. Mutum ya zo ya ce babur yana shan mai ko ba ya ja, sai a ɗauki sukundireba a murɗa sukurun iska, a bubbuga totur sau uku a tsaye, a ce an saita. Ba a saita ba. Ƙofofi uku mai yake bi a cikin kafireta, kowace da lokacinta. Daga silo zuwa kusan kwatan totur, ƙaramin jet ne da sukurun nan suke aiki. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, allura ce ke mulki, kuma a nan ɗan acaɓa yake wuni. Daga nan zuwa ƙarshen totur, babban jet ne. To, wanda ya ƙone fistin a kan hawa, a hannun allura da babban jet ya ƙone shi. Sukurun da aka murɗa masa a gareji bai ma san ana yi ba.

Jet ɗan ƙarfe ne mai rami, da lamba a jikinsa. A irin kafiretocin da muka fi gani, lambar tana nuna faɗin ramin, wato lamba 75 tana nufin kusan milimita 0.75. Ku dubi wannan lissafi da kyau. Daga 75 zuwa 80 ido ba ya ganin bambanci, amma filin ramin ya ƙaru da kusan kashi 14 cikin 100. Daga 75 zuwa 85 kuwa kashi 28 ne. Ke nan wanda ya ɗauki allurar ɗinki ya sosa ramin jet don ya buɗe, bai san nawa ya ƙara ba. Haka wanda ya zare silin waya daga kebul ya zura a ramin don ya rage shan mai, bai san nawa ya rage ba. Na sha buɗe kafireta in tarar da wannan waya, kuma irinta na ciro daga babur ɗin yaron Burji. Jet ba shi da tsada. A saya mai lamba, a hau mataki ɗaya, a gwada.

Ita allura, wasu suna da gaɓoɓi a samansu da ɗan zobe mai riƙe su. In ka sauko da zoben gaɓa ɗaya, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. In ka hau da shi, mai ya ragu. Sukurun kuma iri biyu ne, abin da ke rikita yara masu koyo ke nan: wanda yake ta wajen iyakilina iska yake bayarwa, in ka sassauta shi gauraye ya tsinke, wanda yake ta wajen inji mai yake bayarwa, in ka sassauta shi gauraye ya yi kauri.

Ni ba na taɓa jet sai na gama da abin da ke gabansa. Nakan saita bawul inji yana sanyi, in wanke soso, in duba tsayin fulot, sannan in duba robar da ta haɗa kafireta da inji. Robar nan in ta tsage tana satar iska, ka wuni kana sauya jet a banza. Bayan haka sai a ɗumama inji, a sa sabon fulogi, a hau hanya. Ba a gane saiti a gindin bishiya. Nakan ba yarona babur ya miƙa hanyar Tiga da totur a buɗe, ya kama kuloci ya kashe inji yana cikin tafiya, ya gangara gefe, a kwance fulogi a nan take. In farin kan fulogi ya koma launin shayi da madara, an dace. In ya fito fari fat kamar alli, inji yana jin yunwa. In baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. Baƙi mai danshi kuma ba maganar kafireta ba ce, baƙin mai ne ke hawowa. Abu ɗaya ake sauyawa kafin kowane gwaji, kuma gara a fara daga ɓangaren yawan mai a riƙa saukowa. Yawan mai fulogi yake kashewa, ƙarancinsa kuwa inji.

Mai babur ma zai iya ganewa tun kafin a kwance komai. In ka saki totur salansa tana harbi, ko inji ya daɗe yana kuka kafin ya sauko silo, ko wuyan salansa ya koma shuɗi, ko kana jin ƙas-ƙas a kan hawa, to mai ya yi kaɗan. Ka tsaya.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba, wato yanayi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Tsakanin safiyar hunturu da ma'aunin zafi yake nuna 15 da ranar Afrilu da yake nuna 40, bambancin ya kai kusan kashi 8 cikin 100. Babur ɗin da aka tsuke har iyaka da bazara, in Disamba ta zo ya faɗa cikin yunwa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Shi ya sa nake barin ɗan rara. Tudun Riruwai ya fi nan bisa, iskarsa ta ɗan fi sauƙi, amma bai kai a sauya jet dominsa ba. Haɗarin can kaya ne da hawa. Haka nan wanda aka yi wa bori aka sa fistin 0.25 ko 0.50, abin da ya ƙaru bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, galibi saitinsa na da ya isa. Amma wanda ya ɗora silindar 125 a kan injin 100 ya ƙara masa kwatan ciki, tilas ya ƙara masa cima.

Na san abin da ke tura mutane ga tsuke kafireta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000. Mai kai shinkafa Tudun Wada ko mai ɗaukar fasinja daga Kafin Maiyaki da kwalbar mai yake lissafin ribarsa. Amma garin neman gira kada a rasa ido. Kuɗin fistin da ringi da bawul da gaskit da bori, ga kwanakin zaman gida, sun ninka abin da waya a jet za ta tara maka. In tsimin mai kake so, ka cika iskar taya, ka sa wa sarƙa mai ka daidaita ta, ka duba ko birki yana riƙewa, ka gyara fulot in kafireta tana ɗiga, ka rage gudu. A nan man yake zubewa. Ita kuma buɗaɗɗiyar salansa, a ƙaramin inji yawanci ƙarfin tashi take ragewa, wanda shi ne mai ɗaukar kaya ya fi buƙata. Ga ta da hana marar lafiya da jariri barci.

Wani sauyi yana tafe. A Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS, tun Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta sa yawancin sababbin babura suka bar kafiretar da muka sani, suka koma fesa mai da ƙaramar kwamfuta. Irin waɗannan ba su da jet ko sukuru. Wata na'ura ce a wuyan salansa take auna hayaƙi, kwamfuta tana gyara mai da kanta in sauyin kaɗan ne. In irinsu ya zo hannunka, kada ka yarda a yanke salansa a jefar da na'urar, kada kuma ka ba wanda ba shi da kayan aunawa.

'Yan uwana makanikai, mu ji tsoron Allah a kan dukiyar mutane. In yaro ya zo a cire masa soso, mu ce a'a, mu gaya masa dalili, ko da zai tafi wani wuri. Mu ajiye jet masu lamba a akwati, mu koya wa yaranmu karanta fulogi kafin mu ba su sukundireba. Kai kuma mai babur, in an taɓa maka salansa ko soso ko silinda, ka kwance fulogi a makon nan ka duba. In fari ne, kada ka sake ɗora masa buhu sai an gyara.